Abin Sha Mai Araha: Ko Ya Dace Mai Ciki Ta Gwada?

A wannan fitowa za mu tattauna ne a kan wata tambaya da muke yawan samu a ɗakin awo, musamman daga matan da ke zuwa mana daga Batsari, Safana, Runka, Wagini da ƙauyukan da ke kewaye da su. Tambayar ita ce, waɗannan abubuwan sha masu araha da suka cika kasuwa, na leda da na 'yar roba da na gari, ko akwai laifi idan mai ciki ta saya ta gwada?

Ba abin mamaki ba ne a yi wannan tambaya. Rayuwa ta yi tsada, ga zafin bazara, ga kwaɗayin da ciki kan zo da shi. Haka kuma rashin tsaron da ya daɗe yana addabar garuruwan da ke bakin dajin Rugu ya raba mutane da yawa da gonakinsu, ya kuma sa zuwa asibiti ya zama aiki. Idan hanya ta yi wuya, sai mai kanti da mai talla su zama su ne likitocin gari. Amsar da muke bayarwa ita ce, farashi ba shi ne ma'auni ba. Abin dubawa shi ne mene ne a cikin robar, kuma wa ya haɗa shi. Mai ciki ba ita kaɗai take sha ba, saboda haka ba ta gwaji da abin da ba ta san asalinsa ba.

Abin da uwa ta sha, ɗa ya sha

Jaririn da ke ciki yana samun abincinsa ne daga jinin uwa, ta hanyar mabiyiya da igiyar cibiya. Mutane da yawa sun ɗauka mabiyiya tana tace duk wani abu mai cutarwa, alhali ba haka ba ne. Barasa tana ratsa ta kai tsaye, kuma cikin ɗan lokaci yawan da ke jinin ɗa yakan kusa daidai da na jinin uwa. Hantar uwa tana iya sarrafa ta a hankali, amma hantar ɗan tayi ba ta ƙosa ba, don haka takan daɗe a jikinsa.

A shekarar 1968 wani likitan yara a garin Nantes na ƙasar Faransa, Paul Lemoine, ya yi bayanin yara 127 da iyayensu mata ke shan giya, ya ga suna da irin matsala ɗaya. A 1973 wasu likitoci biyu a Amurka, Kenneth Jones da David Smith, suka tabbatar da haka, suka kuma ba ciwon suna. Alamominsa sun haɗa da haihuwar jariri ƙarami, ƙaramin kai, siririn leɓen sama, rashin girma da wuri, da raunin ƙwaƙwalwa wanda kan fito fili idan yaro ya shiga makaranta. Wannan lahani ba ya warkewa. Bugu da ƙari, barasa na iya jawo ɓari ko haihuwar bakwaini ko mutuwar ɗa a ciki. Shi ya sa masana lafiya suka yi ittifaƙi cewa babu wani adadi, komai ƙanƙantarsa, da aka tabbatar ba ya cutar da ciki.

Barasar da ba ta zo da sunanta ba

Wata za ta ce, "Malama, mu ai Musulmi ne, me ya haɗa mu da giya?" Gaskiya ne, mun san matanmu ba sa zuwa gidan giya. Abin da ke damun mu shi ne barasar da ke shigowa gida da sunan magani. Akwai jiƙe-jiƙe masu ɗaci da ake sayarwa a leda ko ƙaramar roba, ana cewa maganin basir ne, ko shawara, ko ciwon baya, ko sanyin mara. Da yawa daga cikinsu da barasa ake jiƙa saiwoyin, domin ita ce ke fitar da ɗacin, ta kuma hana shi lalacewa. Giyar kwalba da kowa ke gudu takan ƙunshi barasa wajen kashi 5 cikin 100, amma wasu daga cikin waɗannan 'yan ledoji suna kaiwa kashi 30 zuwa 40. Wato 'yar ledar da aka raina ta fi giya ƙarfi nesa ba kusa ba.

Saboda arahar irin wannan leda da sauƙin ɓoye ta a aljihu, har yara ƙanana na iya saye, hukumar NAFDAC mai kula da ingancin abinci da magunguna ta fara aiwatar da haramcin sayar da barasa a leda da robar da ba ta kai mililita 200 ba a watan Fabrairun 2024, duk da ja-in-jar da ta biyo baya tsakaninta da masu kamfanoni. To amma doka ba ta isa kowane lungu a rana ɗaya. Don haka a riƙa duba jikin roba. Idan aka ga an rubuta "Alc." ko "% vol" tare da lamba, to akwai barasa a ciki. Wadda ba ta iya karatun boko ba ta ba ɗanta ko ƙanenta ɗan makaranta ya duba mata, ko ta kawo mana ranar awo.

Wanda aka haɗa a bayan gida, babu takarda babu suna, ya fi haɗari. A watan Afrilun 2015, a garin Ode-Irele na Jihar Ondo, mutane aƙalla 18 suka rasu bayan ciwon kai da makanta farat ɗaya. Bincike ya nuna gubar metanol ce a cikin ogogoron da suka sha. A watan Yunin shekarar irin haka ta sake faruwa a Jihar Ribas, inda gommai suka rasa rayukansu. Metanol ba a gane shi da ido ko da hanci.

Darasin ɗan tsami a Kano

Kada a ɗauka sai abin da ke bugarwa ne kaɗai ke kisa. A watan Maris na 2021, ana dab da azumi, asibitocin Kano suka cika da mutane masu amai, jiri da fitsarin jini. Da aka bi diddigi, sai aka gano sun sha lemon da aka haɗa da garin ɗanɗano da ɗan tsami mai araha, wasu kayan ma wa'adinsu ya ƙare. Kwamishinan lafiya na jihar a lokacin, Dakta Aminu Ibrahim Tsanyawa, ya bayyana cewa mutum 10 sun rasu, kimanin 400 sun kwanta asibiti, 50 daga ciki kuma sun samu matsalar ƙoda. NAFDAC ta ce abin da aka sayar da sunan ɗan tsami ya ƙunshi wani sinadarin masana'antu mai guba, wanda ba a yi shi don ci ba.

Kayan kantunanmu na Batsari da Safana yawanci daga Katsina da Kano ake saro su, sa'annan a ƙulla su a leda ƙanana, ba suna ba kwanan wata. Mai haɗa lemon ƙulli ita ma ba ta san abin da ta saya ba, ta dai ga ya fi sauƙi ne. Hausawa sun ce araha ba ta ado. Ƙodar mai ciki kuwa tana aikin mutum biyu ne, ba ta da sararin ɗaukar guba.

Maltina da madara na ƙara jini?

Wannan magana ta zama ruwan dare. Da zarar an ce wa mace jininta ya yi ƙasa, sai maigida ya sayo maltina da gwangwanin madara, idan kuɗi bai kai ba ya nemi wata mai araha wadda ba a san kamfaninta ba. Ya kamata mu fahimci mece ce maltina. Kamfanonin da ke yin giya su ne dai ke yin yawancinta, da tsiron hatsi. Tun 1988 da gwamnatin tarayya ta hana shigo da tsiron sha'ir daga waje, suka koma amfani da dawa irin wadda muke nomawa. Bambancinta da giya shi ne ba a barin ta ta ruɓa ta zama barasa. Saboda haka wadda ke da rajista ba ta bugarwa, kuma babu laifi a sha jefi-jefi.

Amma fa ba maganin ƙarancin jini ba ce. Abin da ya fi yawa a cikinta sukari ne, kuma ƙarfin da mace ke ji bayan ta sha na sukarin ne, ba jini ne ya ƙaru ba. Madara tana da amfani ga ƙashi, sai dai sinadarin ƙarfen da jiki ke gina jini da shi kaɗan ne a cikinta. Lemon kwalba ɗaya yakan ɗauki sukari kusan cokalin shayi 8. Wannan na da haɗari ga wadda ke da ciwon sukari na ciki, domin ɗa kan yi girma fiye da kima, haihuwa ta yi wuya.

Ƙarancin jini ba abin wasa ba ne. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kusan mata masu ciki 6 cikin 10 a Najeriya suna fama da shi. Macen da ta shiga naƙuda da jini kaɗan, zubar jinin da wata za ta jure ita tana iya kai ta lahira. Maganinsa sananne ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar mai ciki ta sha ƙwayar ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe miligiram 30 zuwa 60 tare da folik asid kowace rana, wato 'yar ja da 'yar rawayar da muke bayarwa a wurin awo. Sai maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro, wanda ake farawa bayan wata uku, a sha aƙalla sau 3, wata guda tsakani, tare da kwana cikin gidan sauro. Kuɗin maltina da madara na kwana ɗaya ya fi amfani idan aka sayi wake, ƙwai, kifi ko ɗan nama, aka haɗa da zogale, alayyafo ko rama. A bi da goba, lemon zaƙi ko tumatir, domin suna taimaka wa jiki ya zuƙi sinadarin. A kuma nisanta shan shayi da lokacin shan ƙwayar, saboda shayi na rage amfaninta.

Lemon ƙara kuzari da kunun da ya kwana

Lemon ƙara kuzari da 'yan acaba da matasa ke sha shi ma ya shigo cikin gida. Yana ɗauke da sinadarin kafin, irin wanda ke cikin goro da kofi, ga sukari mai yawa. Yana sa bugun zuciya da rashin barci, kuma yawan kafin na da alaƙa da ɓari da haihuwar ƙaramin jariri. Idan aka duba jikin robar, da yawa sun rubuta cewa bai dace da mai ciki da mai shayarwa da yara ba. Gajiyar da ba ta ƙarewa, musamman da haki ko jiri, alama ce ta a zo a auna jini.

Kunun zaƙi, kunun gyaɗa, kunun tsamiya da fura abincinmu ne masu kyau, kuma sun fi duk wani abin roba. Sharaɗin shi ne a yi su da ruwa mai tsabta, a sha a ranar. Kunun da ya kwana cikin zafi har ya fara kumfa da warin tsami ya soma ruɓa, a zubar da shi. Nonon shanu a tabbatar an dafa shi kafin a kwantar. Na talla da aka ɗura a tsofaffin robobin da aka tsinto a guje shi, domin ta nan amai da gudawa da taifot ke shiga gida.

Kafin a saya a duba

1. Sunan kamfani da adireshinsa.
2. Lambar rajistar NAFDAC.
3. Ranar da aka yi shi da ranar ƙarewar wa'adi, kuma a tabbatar ba a kankare ko an liƙa wata a kai ba.
4. Murfi a rufe yake, gwangwani bai kumbura ko ya yi tsatsa ba.
5. Jerin abin da ke ciki, babu barasa.

Idan ɗaya daga cikin waɗannan ya ɓace, a bar wa mai kaya kayansa. Jiƙo da tsimi kuwa, ko da suna da lamba, kada mai ciki ta sha sai ta tambayi ma'aikacin lafiya.

Idan an riga an sha fa?

Wadda ta sha wani abu cikin rashin sani kada ta ɓoye, kada kuma ta tayar da hankalinta. Ta daina daga yau, domin ƙwaƙwalwar ɗa na ci gaba da ginuwa har ranar haihuwa, kuma duk ranar da aka daina an rage lahani. Ta faɗa mana ranar awo. Sirrinta yana hannunmu, ba kuma za a yi mata gori ba.

Amma idan bayan shan aka ga amai ba ƙaƙƙautawa, ciwon ciki mai tsanani, gani dishi-dishi, fitsari ja ko baƙi, fitsari ya ɗauke, zubar jini, ko motsin ɗa ya ragu, to a garzaya asibiti mafi kusa nan take, kada a jira gari ya waye idan akwai halin fita. Kada a ɗura mata manja ko madara, kada kuma a sa ta amai da ƙarfi. A taho da robar ko ledar da sauran abin da ya rage, domin shi zai nuna wa likita inda zai dosa. Daga Babban Asibitin Batsari ko na Dutsin-Ma za a iya turo ta Katsina idan abin ya fi ƙarfinsu.

Kira ga magidanta da surukai

Malam maigida, kai ne ke zuwa kasuwa, abin da ka kawo shi za a sha. Tsarabar da ta fi ita ce kankana, ayaba, dabino, gyaɗa ko ƙwai, da kuɗin mota zuwa awo. Tun 2016 shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya aƙalla sau 8 kafin haihuwa. Inna da Gwaggo, mun san da kyakkyawar niyya kuke kawo jiƙo, amma jiƙon kasuwa na yau ba irin wanda kuka sani ba ne, ba ku ga lokacin da aka haɗa shi ba. Ku taimaka mana wajen tuna wa 'ya'yanku shan ƙwayarsu kullum, da shan ruwa mai tsabta wadatacce, wanda aka tafasa idan ana shakkar rijiyar.

Rigakafi dai ya fi magani. Allah Ya raba ku lafiya, Ya ba mu zuriya mai albarka, Ya kuma dawo mana da zaman lafiya a yankunanmu, amin.