Idan Siyasa Ta Taɓa Alƙaluman Noma, Wa Ke Biyan Kuɗin?

Manomi a Bakori ko Kafur zai iya cewa, "Ni ina ruwana da rahoton da ake rubutawa a ofis? Nawa dai ruwa ya sauka, taki ya samu." To, gaskiya da ruwanka. Farashin da za a yi wa buhun masararka a kasuwar Dandume ko Funtua yana da alaƙa da wata takarda da wataƙila ba ka taɓa gani ba: ƙiyasin yawan amfanin gonar da aka samu a shekara.

Daga ina alƙaluman ke fitowa?

Yankinmu ba baƙon wannan aiki ba ne. A 1975 aka fara shirin bunƙasa noma na Funtua da tallafin Bankin Duniya, tare da na Gusau da na Gombe, daga nan tsarin ya bazu zuwa sauran jihohi. Yau a Katsina hukumar KTARDA ce ke riƙe da malaman gona. Su ne ke shiga gonaki, su auna fili, su auna abin da aka girbe, su kai rahoto. Cibiyar NAERLS da ke Samaru, Zariya, tana tattara irin waɗannan bayanai daga jihohi ta fitar da rahoton damina kowace shekara. Ita kuma NiMet tana fitar da hasashen ruwan sama tun kafin shuka.

Da irin waɗannan takardu gwamnati ke yanke shawara: a buɗe iyaka ko a rufe, a sayi hatsi a adana ko a fitar da shi, wace ƙaramar hukuma ce ke buƙatar agaji. Idan ma'auni ya karkace, shawarar ma sai ta karkace.

Ta ina siyasa ke shigowa?

Hanya ta farko ita ce kumbura adadi. Mai mulki yana son a ce noma ya bunƙasa a zamaninsa, ma'aikaci kuma yana tsoron canjin wurin aiki. Ta biyu ita ce danne rahoto ko jinkirta shi har lokacin amfaninsa ya wuce. Ta uku, wadda kowa ya sani, ita ce rajistar manoma: malamin gona ya rubuta masu gona na gaskiya, a sama kuma a cusa sunayen 'yan jam'iyya. Lokacin da Akinwumi Adesina yake ministan noma, shi da kansa ya ce kashi 11 cikin 100 na manoma ne kawai takin tallafi ke isa gare su, dalilin da ya sa aka kawo rabon taki ta wayar hannu a 2012.

Abin da ya faru a Maraɗi

Ba sai mun je nesa ba. A daminar 2004 fari da fāra suka yi ɓarna a Nijar. Kafin ƙarshen shekarar, ƙwararrun gwamnati da na Majalisar Ɗinkin Duniya sun ƙiyasta giɓin hatsi sama da tan 200,000. A 2005 gero ya yi tsadar da talaka ba ya iya saye, cibiyoyin kula da yara masu tamowa suka cika a Maraɗi. Duk da haka, a watan Agusta na shekarar Shugaba Mamadou Tandja ya gaya wa BBC cewa babu yunwa a ƙasarsa. Rabon abinci kyauta bai kankama ba sai da damina ta yi nisa. A 2008 ma aka dakatar da ƙungiyar likitoci ta MSF reshen Faransa daga aiki a Maraɗi. Sai bayan juyin mulkin Fabrairun 2010 hukumomi suka fito fili suka amince da girman matsalar abinci ta wannan shekarar. Ƙwararru sun auna, sun faɗa. Amma maganar ba ta yi wa masu mulki daɗi ba, yara kuma suka ɗanɗana kuɗarsu.

Me ya shafi mai masara?

A Yulin 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da ɗage harajin shigo da masara, shinkafa, alkama da wake na kwana 150, saboda tsadar abinci. Masu saye sun samu sauƙi, amma a 2025 farashin masara ya faɗi alhali taki na nan da tsadarsa, manoma da yawa ba su mayar da kuɗinsu ba. Irin wannan shawara tana buƙatar amsa ta gaskiya: nawa aka noma, nawa ke rumbu, nawa manomi ya kashe a kan kowane buhu? In an rage adadin, a shigo da hatsin da ba a buƙata, manomi ya yi asara. In an kumbura shi, a zauna ba shiri, yunwa ta zo.

Me ƙungiyarku za ta yi?

Ku buɗe littafi. Kowane memba a rubuta girman gonarsa, irin da ya shuka, buhun takin da ya sa da kuɗinsa, da buhu nawa ya samu.

Ku riƙa rubuta ranar da aka yi ruwa, da farashin kasuwa kowane mako. Bayan shekara uku za ku ga amfaninsa.

Idan aka sanar da adadi a rediyo, ku tambaya: wa ya auna, yaushe, a ina? Ku gwada da abin da ke littafinku. Gani ya kori ji.

Idan malamin gona ya zo, ku gaya masa gaskiya. Wasu na rage amfanin da suka samu don su shiga tallafi, wasu na ƙara girman gona don a ba su taki da yawa. Wannan ma ɓata ma'auni ne.

Ku ajiye kwafin sunayen da kuka miƙa, da sa hannun wanda ya karɓa. Ranar rabo, a karanta a gaban kowa.

Malamin da ya ƙi sauya adadi yana buƙatar wanda zai tsaya masa. Ƙungiyar da ke da littafinta a hannu ita ce za ta iya shaidarsa. Allah Ya ba mu damina mai albarka.