Kai Iyali Bakin Ruwan Yauri Ba Sai Mai Motar Kansa Ba

Akwai wata magana da ta zauna daram a bakin magidanta da yawa a Arewa, har ta zama kamar hukunci: wai fita shaƙatawa da iyali harkar masu hali ce, kuma wanda ba shi da motar kansa ya haƙura ya zauna gida. Motar haya, in ji su, ta larura ce. Ana shigarta don gaisuwar rasuwa, ko biki, ko neman magani, amma mai hankali ba zai kwashi mata da yara ya cusa su cikinta don kawai su je kallon ruwa ba. Wasu kuma su ƙara da cewa hutu a bakin tafki ai na Turawa ne, irin wanda ake gani a hotunan Suwizalan, ruwa shuɗi a gindin dutse mai ƙanƙara.

Masu wannan magana ba ragwaye ba ne, ba kuma marowata ba. Akasarinsu mutane ne masu kishin iyali, waɗanda suka san zaman jiran lodi a tasha da rana tsaka, suka san yadda ake matsa mutum huɗu a kujerar mutum uku, suka kuma ji labaran hanya masu tayar da hankali. Tausayin iyali ne ya sa suke faɗin abin da suke faɗa, kuma ina girmama wannan tausayi. Sai dai ina ganin sun yanke hukuncin da ya wuce hujjarsu, kuma ƙasar Yauri ta isa ta nuna haka.

Tun da an kawo zancen Suwizalan, bari mu duba yadda abin yake can. Mutane da yawa suna zaton Baturen da ya kai 'ya'yansa garuruwan bakin tafki a tsaunukan Turai da motarsa yake zuwa. Da yawansu a motar haya suke zuwa, irin tasu. Motocin gidan waya masu launin ɗorawa sun fara ɗaukar fasinja a Suwizalan tun 1906, kuma har yau su ne ke shiga ƙauyukan da jirgin ƙasa bai kai ba. Akwai tikiti guda da baƙo zai saya ya hau jirgin ƙasa da bas da jirgin ruwa duka, yaron da bai kai shekara 16 ba kuma ya bi mahaifinsa kyauta. A Hallstatt ta ƙasar Ostiriya, tashar jirgin ƙasa tana ƙetaren tafki ne, sai an yi fito kafin a shiga gari. Garin Zermatt kuwa ba a ma barin motar baƙo ta shiga, komai kuɗinsa. A garin da ke ƙasa zai ajiye ta ya hau jirgi tare da kowa. Ashe ko a wurin da ake kafa mana misali da shi, mallakar mota ba ita ce sharaɗin hutu ba.

Mu dawo gida. An gina madatsar ruwa ta Kainji a kan Kogin Kwara tsakanin 1964 da 1968, ruwan da ya taru a bayanta ya zama tafki mai tsawon kimanin kilomita 135, ya miƙo daga madatsar a ƙasar Borgu har zuwa wajen Yelwa. Faɗin fuskarsa ya haura murabba'in kilomita 1,200, wato ya ninka Tafkin Janeba, wanda duniya ta sani, fiye da sau biyu. Amma sau nawa ka ji magidanci daga Birnin Kebbi ko Sakkwato ko Kontagora ya ce zai kai yaransa su gan shi? Yaro zai gama sakandare ya haddace sunan Kainji don jarrabawa, yana zaune a ɗakin da wutar Kainji ke haskawa in ta samu, bai taɓa tsayawa a gaɓar ruwan ba. Wannan rashi ne, kuma abin da ya fi damuna shi ne mun saba da shi har ba ma jin zafinsa.

Hanyar zuwa ba ɓoyayya ba ce. Yelwa tana kan babban titin da ya taso daga Sakkwato ya bi ta Tambuwal da Jega da Koko, ya wuce Kontagora ya nufi Kudu. Kullum motoci na lodi a kan wannan layi. Wanda ya yi sammako daga Birnin Kebbi, in Allah ya kiyaye hanya, a Yelwa zai yi azahar. Daga nan akwai ƙananan motoci da babura masu zuwa Zamare, da masu komawa wajen Shanga, da masu bin hanyar Birnin Yauri su karkata zuwa Ngaski da Wara.

Ga kuma abin da masu cewa sai da mota suke mantawa: a ƙasar ruwa, mota iyakarta bakin kwata. Daga nan mai babbar mota da mai ƙafa duk ɗaya suke, kowa zai biya kuɗin fito ya zauna inda mai jirgi ya nuna masa. Wanda yake son ya ga gungu, ko ya leƙa tungar masunta, ko ya ƙetara daga Zamare zuwa Rofiya, jirgin haya zai shiga. Mai mota ma shi ne hankalinsa zai rabu biyu, yana kan ruwa yana tunanin wa ya bar wa ajiyar ƙarfensa. Haka abin yake tun da can. Ko 'yan'uwan nan biyu, Richard da John Lander, da suka zo Yauri a 1830 suna bin sawun takardun Mungo Park, Baturen da ya riga su bin Kwara, cikin kwale-kwalen mutanen kogi suka hauro daga Busa.

Sai batun kuɗi. Tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayun 2023, duk mai mota ya san abin da doguwar tafiya ke ci. Man zuwa da na dawowa a wuyansa yake shi kaɗai, haka taya in ta fashe, haka bakanike in mota ta tsaya a inda ba a san kowa ba. A motar haya kuwa nauyin man ya rabu a kan fasinjoji duka. Magidancin da ke da mata da yara uku ko huɗu yana iya biyan kujerun baya gaba ɗaya, har ya ƙara kuɗin kujera guda da ba wanda zai zauna a kai, don uwargida ta sake, yara su samu wurin miƙe ƙafa. Direbobi sun san wannan, 'yan kamasho ma sun sani, ba baƙon ciniki ba ne a tasha. Maganar matsatsi da ake kafa hujja da ita ta kau ke nan da kuɗin da bai kai na cika tanki ba. Akwai kuma ribar da ba a lissafa ta da kuɗi: uban da ba ya tuƙi idonsa na kan 'ya'yansa. Shi zai nuna musu gonakin shinkafa a fadama da buhunan albasa jibge a bakin titi, ya gaya musu sunan kowane gari da aka wuce, ya amsa tambayoyinsu ba tare da tsawa ba.

Inda masu wancan ra'ayi suke da gaskiya, dole a ba su. Motar Suwizalan da agogo take tashi, tamu sai ta cika. Wannan bambanci ne na gaske, kuma shi ne ke gajiyar da yara. Maganinsa a hannunmu shi ne sammako, domin motar farko ta fi saurin cika, sannan a tambayi ranar kasuwar garin da za a je tun kafin a bar gida. Ranar kasuwa motoci da jirage sun fi yawa, sai dai kuma ranar ce aka fi yin lodin da ya wuce ƙima, don haka a shiga gari ranar, a bar hawan ruwa sai washegari. Gajerun tafiye-tafiye kamar daga Yelwa zuwa bakin ruwa, a ɗauki shata, ba wani abu ba ne mai yawa.

Babbar hujjarsu ita ce tsoro, kuma ba zan raina ta ba. A watan Mayun 2021 wani jirgi ɗauke da mutane fiye da 150 ya nutse kusa da Wara, aka yi asarar rayuka masu yawa, har da mata da ƙananan yara. A watan Yunin shekarar kuma 'yan bindiga suka shiga kwalejin gwamnatin tarayya da ke Birnin Yauri suka tafi da ɗalibai da malamai. Mutanen masarautar ba su manta ba, bai kuma kamata baƙo ya yi kamar bai sani ba. Amma a duba da kyau. Haɗarin ruwa bai san mai mota da mara mota ba, tun da dukansu jirgi ɗaya suke shiga. Abubuwan da ke kifar da jirgi kuma sanannu ne: lodi fiye da ƙima, tafiyar dare, iskar farkon damina, tsohon katako, da kututturan itatuwan da ruwa ya shanye tun lokacin da aka cika tafkin. Uba yana da ikon ya tsaya a kwata ya ce iyalinsa ba za su shiga jirgin da bakinsa ya kusa shan ruwa ba, ya jira wani ko ya ɗauki shatar ƙarami. Yana da ikon ya ce sai an ba kowa rigar kariya, har da yaro, tun da hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa ta wajabta ta, ta kuma hana tafiyar dare, hukumar HYPPADEC mai kula da yankunan madatsun wutar lantarki ma ta sha rarraba rigunan a garuruwan bakin kogi. In babu riga, a zauna a tudu a yi kallo, tafiyar ba ta ɓaci ba.

Ta fuskar tsaron hanya ma, motar kai ba garkuwa ba ce. Direban da ke bin layi kullum ya fi baƙo sanin inda ake tsayawa da inda ba a tsayawa, kuma labari na isa tasha da wuri domin direbobi na kiran junansu. A yi tafiya da rana, a kwana cikin gari, a saurari mai masauki. In ya ce kada a bi hanya kaza a wannan makon, to kada a bi. Gandun dajin Kainji, wanda a da ake zuwa kallon namun dawa, a bar shi tukuna sai hukuma ta tabbatar da lafiyarsa. In kuwa labarin da ya zo daga can bai kwantar da hankali ba, a ɗage tafiyar gaba ɗaya zuwa wani hutun. Tafkin ba zai gudu ba.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne hutun makaranta na ƙarshen shekara zuwa watan Fabrairu. Kwara tana cika sau biyu. Akwai farin ruwa mai laka da ke zuwa da damina, sannan akwai baƙin ruwa, wanda ya sauka tun a tsaunukan Gini ya ratso Mali da Nijar a hankali, ba ya isowa sai cikin hunturu. A lokacin tafki yana cike, hadari ya ɗauke, zafi ya sauka, sai dai a tanadi rigunan sanyi da man shafawa saboda yara. A irin wannan lokaci ne kuma aka saba yin bikin Rigata, inda Gungawa da sauran mutanen ruwa ke tseren jirage da ninƙaya a gaban Mai Martaba Sarkin Yauri, Dakta Muhammad Zayyanu Abdullahi. Wanda zai je bikin ya nemi masauki da wuri, don gari kan cika. A tafi da gidan sauro da ruwan sha, kada kuma a bar yara su yi wanka a ruwan gefe mai kwanciya saboda tsargiya. Dorina ma tana nan, masunta sun san wurarenta, a bi maganarsu.

Me yaro zai samu a wannan tafiya? Zai ga yadda Sarkawa ke jefa birgi da yadda ake gyaran koma, ya bambance giwan ruwa da karfasa da tarwaɗa da kurungu, ya tsaya kusa da matan da ke banda ya ga kifin da ake kawowa kasuwar garinsu daga ina yake fitowa. Zai ji Gunganci da Kambarci da Shanganci a kasuwa guda, ya gane cewa ƙasar da ake kira Arewa ba harshe ɗaya gare ta ba. In aka yi sa'ar dattijo mai son hira, zai ji labarin tashin da aka yi: kimanin mutum 44,000 aka sauya wa matsuguni saboda madatsar, tsohon garin Busa ya nutse, yawancin tsibirin Foge ya tafi ƙarƙashin ruwa, Gungawa da yawa suka bar gungunan kakanninsu suka koma tudu. Yaron da ya ji wannan daga bakin wanda abin ya shafa zai san cewa wutar lantarki akwai waɗanda suka biya ta da gidajensu da kaburburan iyayensu. Ga kuma zumunci, domin da wuya a rasa ɗan'uwa ko tsohon abokin karatu ko abokin ciniki a Yelwa da za a sauka a gaishe shi, kuma zumunta a ƙafa take.

Kuɗin da iyali suka kashe a irin wannan tafiya a hannun direba da mai fito da mai tuwo da mai kifi yake ƙarewa, mutanen da ke buƙatarsa. Saboda haka ina roƙon ƙungiyar direbobi a Yelwa da sarakunan ruwa da ƙananan hukumomin Yauri da Ngaski da Shanga su sauƙaƙa wa baƙo: a samu mota ko guda ɗaya a rana mai tashi a kan sanannen lokaci, a rubuta adadin mutanen da kowane jirgi zai ɗauka a jikinsa, a ajiye rigunan kariya na yara a kowace kwata, a gina makewayi mai tsabta na mata kusa da tasha. Kai kuma maigida, kada ka jira sai ka sayi mota, domin kafin nan yaran sun girma sun watse. Ka kira wanda ka sani a Yauri ka ji lafiyar hanya, ka fara tara kuɗin kujeru tun yanzu, in hutu ya zo ka kai su.