Ajiyar Bayanai a Bankuna: Kuskuren Lamba Ɗaya Na Iya Ɗaure Kamfani

Dokar hana halatta kuɗin haram ta 2022 ta wajabta wa bankunan Nijeriya ajiye bayanan hada-hadar masu hulɗa da su na aƙalla shekara 5. Ita kuwa dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta hana riƙe bayanan mutum bayan buƙatarsu ta ƙare. Cika sharuɗɗan biyu ya rataya a wuyan jami'in kula da kwamfuta.

A ma'aikatun da ke amfani da Microsoft 365, jami'in kan rubuta umarni ta manhajar PowerShell. Umarni na farko yana fayyace akwatunan wasiƙun da abin ya shafa. Na biyu yana ƙayyade kwanakin ajiya, da ko za a goge bayanan in wa'adi ya cika.

Sai dai idan aka kulle ƙa'idar, babu mai ikon soke ta ko rage wa'adinta. Ƙari kawai ake iya yi. Wanda ya rubuta kwana 18,250 maimakon 1,825 ya ɗaure kamfaninsa har shekara 50. Don haka ya kamata a fara gwadawa a kan 'yan akwatuna kafin a kulle.