Kamamme, Sarki da Mai Shiga Tsakani

Ƙasar Gumel, wadda a yau ta ƙunshi Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, ƙasa ce da Allah ya ajiye a bakin iyaka tun kafuwarta wajen shekarar 1750, domin a zamanin da tana bin Barno, alhali maƙwabtanta Kano da Haɗejiya suna ƙarƙashin tutar Sakkwato, Damagaram kuwa tana kawo mata hari daga arewa. Da Turawan Ingila da na Faransa suka raba ƙasa, sai iyakarsu ta sake faɗowa a kan Maigatari. Mutanen da suka daɗe a irin wannan mazauni sun san ɗacin kamu da fansa tun kaka da kakanni, don haka ya dace su san abin da tarihi ya nuna game da mas'ala mai nauyi, wato makomar jakada ko ma'aikacin wata daula idan yaƙi ya rutsa da shi a hannun sarkin da ba nasa ba.

Shari'a ta riga ta shimfiɗa hukunci a kan wannan babi. Malaman fiƙihu sun bambanta tsakanin ribataccen yaƙi, wanda aka kama da makami a fagen fama, da wanda ya shigo ƙasa bisa amana, ko manzo ne ko fatake, wanda jininsa da dukiyarsa haramun ne har ya koma inda ya fito. Shi ribatacce, shugaba ne yake duba maslaha a kansa, kuma daga cikin abin da aka ba shi zaɓi akwai ya sake shi kyauta, ko ya karɓi fansa, ko ya yi musayarsa da Musulmin da ke hannun abokan gaba. Asalin wannan kuwa yana komawa ga kamammun Badar, waɗanda aka fanshi wasunsu da dukiya, wasu kuma da koya wa yaran Madina rubutu. Abin da Yarjejeniyar Janiba ta 1949 ta tanada game da fursunonin yaƙi, da abin da ta Biyana ta 1961 ta tanada game da alfarmar jakadu, bai yi nisa da wannan tushe ba.

Amma hukunci a littafi daban, aiwatar da shi ranar da gangar yaƙi take tashi daban. A cikin 1826 Kyaftin Clapperton, wanda gwamnatin Ingila ta aiko, ya komo wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya karɓe shi da mutunci a zuwansa na fari a 1824, sai ya tarar zamani ya juya, gaba ta sake ɓarkewa tsakanin Sakkwato da Shehu Laminu na Barno, ubangidan Gumel na wancan lokaci. A cikin kayan baƙon akwai wasiƙa da tsaraba, har da makamai, waɗanda aka ce ya kai wa Shehu. Sarkin Musulmi ya sa aka karɓe su, ya kuma hana shi hanyar Barno, domin babu sarkin da zai bar makami ya ratsa ƙasarsa zuwa ga wanda rundunarsa ta doshi Kano. Ba a ɗaure shi ba, ba a hana shi masauki da abinci ba, sai dai ciwo da baƙin ciki suka taru a kansa har ya rasu a Sakkwato ran 13 ga Afrilu 1827. Bayan rasuwarsa aka sallami baransa Richard Lander, ya koma Ingila da takardun ubangidansa. An tsare baƙo saboda larurar yaƙi, amma ba a zubar da jininsa ba, kuma babu wanda ya zo neman fansar jini a Sakkwato saboda shi.

Bayan shekara saba'in, a Damagaram, aka bi wata hanya dabam. Kyaftin Cazemajou na Faransa ya sauka Zandar a 1898 yana nufin wucewa wurin Rabe, wanda ya riga ya cinye Barno, fadar Sarki Amadu Kuren Daga kuwa ta ji tsoron kada Nasara da Rabe su haɗa kai a kanta, sai aka kashe shi tare da tafintansa ran 5 ga Mayu. Tsoron yana da dalili, amma shawarar ba ta yi amfani ba: a ƙarshen Yuli 1899 Faransawa suka karya rundunar Damagaram a Tirmini, suka shiga birni, ba a jima ba aka kashe sarkin, suka kuma raɗa wa barikinsu sunan Cazemajou. Rabe shi ma ya tsare wani Bafaranshe mai suna Béhagle a Dikwa, aka rataye shi a Oktoba 1899, Rabe kuma aka kashe shi a Kusuri ran 22 ga Afrilu 1900. Babu mai hankalin da zai ce da an bar waɗannan mutane da rai da Turawa sun fasa cin ƙasa, domin sun riga sun ƙulla niyyarsu. Abin da ya tabbata shi ne, wanda ya kashe kamammensa ya jefar da abin da zai yi ciniki da shi, ya kuma miƙa wa abokin gabansa hujja a kyauta.

Wanda yake son ya ga yadda musaya take ƙulluwa, da yadda take warwarewa, sai ya dubi Aljeriya a zamanin Amir Abdulƙadir. Mayaƙansa sun kama wani ma'aikacin sojan Faransa mai suna Massot, sai babban limamin Kirista na birnin Aljas, Dupuch, ya rubuta wa Amir yana roƙon a sake shi. Amir ya amsa masa da cewa ya fi dacewa da mai addini ya nemi sakin kamammu duka, na Kirista da na Musulmi. Daga wannan wasiƙa aka yi ta aike har Mayu 1841, lokacin da limamin da halifan Amir, Muhammadu bin Allal, suka sadu, Faransawa fiye da ɗari suka koma gida, kamammun Musulmi su ma suka koma ga danginsu, alhali yaƙi bai tsaya ba. Amma a 1846, da shugabannin sojan Faransa suka ƙi sauraron maganar musaya, yunwa kuma ta matsa wa sansanin Amir a iyakar Maroko, sai aka hallaka kamammu fiye da ɗari biyu alhali Amir ba ya nan. Mutanen su ne, shari'ar ita ce. Abin da ya sauya shi ne ƙofar magana da aka rufe.

A nan ne matsayin mai shiga tsakani yake bayyana, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa a karar dabbobi ta Maigatari ranar Alhamis zai gane shi, domin mai saye daga Kudu da mai sayarwa daga Damargu ba su san juna ba, ba su yarda da juna ba, amma kowannensu ya san dillali, ya san gidansa, ya san cewa in ya ci amana yau ba shi da kasuwa gobe. Wannan ne dalilin da ya sa dauloli masu jiragen yaƙi, idan aka kama musu mutum a daji ko a hamada, suke komawa ga sarakuna da hakimai da shugabannin ƙabilu da malamai: su ne suka san ɗan wane ne ya yi kamun, wace rijiya yake sha, wa yake jin kunya.

Zamaninmu ya maimaita darasin. A Janairu 2008 'yan tawayen ƙungiyar MNJ ta Nijar suka kai hari Tanut, arewa da Zandar, suka tafi da shugaban gundumar, ba a kuwa same shi ba sai bayan makonni, ta hannun Libiya. Ran 14 ga Disamba 2008 aka sace Robert Fowler, manzon Majalisar Ɗinkin Duniya a Nijar, tare da abokin aikinsa Louis Guay, kusa da Yamai. Suka yi kwana 130 a hamadar Mali a hannun Alƙa'ida, har aka sako su a Afrilu 2009 bayan shugabannin Mali da Barkina Faso sun sa mutanen da suka san hamada da dattawanta sun yi ta kai da kawowa. A Mayu 2017 aka karɓo 'yan matan Cibok 82 ta hanyar musaya da wasu kwamandojin Boko Haram, da sa hannun gwamnatin Suwizalan da ƙungiyar Red Cross da lauya Zanna Mustafa na Maiduguri. A ɗaya gefen kuma, ɗan Ingila da ɗan Italiya da aka sace a Birnin Kabi a 2011 sun rasa rayukansu a Sakkwato a Maris 2012, ranar da aka yi yunƙurin ƙwato su da bindiga.

Lalle ne a faɗi gaskiya, cewa mai satar mutane don kuɗi ba mayaƙi ba ne, ɗan fashi ne, hukuncinsa a shari'a hukuncin hiraba ne, kuma kuɗin fansar da aka zuba masa yakan koma bindigar da za a sace wani da ita. Saboda haka sulhu ba aikin kowa ba ne, ba kuma sana'ar da za a bari wani ya ci riba a cikinta ba ne. Wajibi ne hukuma ta san wanda ta aika, ta ɗaure masa gindi, ta sa ido a kan abin da ya ɗauka da abin da ya kawo, ta kuma cika alkawarin da aka yi da yawunta, domin alkawari ɗaya da aka saɓa yakan jawo wa kamammu goma na gaba halaka. Wajibi ne kuma a kiyaye martabar sarakuna da hakimai da limaman ƙasashen iyaka, a bar su su riƙe zumuncinsu da takwarorinsu na ƙetare tun ana zaune lafiya, saboda amincin da ake ceton rai da shi ba a ƙulla shi ranar da aka yi kamu, shekaru ake yi ana gina shi kafin a bukace shi.