Juyen Mai a Kwamfaresar Masu Faci

Daga Tamanrasset ta Aljeriya zuwa In Guezzam tafiyar kimanin kilomita 400 ce cikin hamada. Saboda haka direbobi sun dogara da masu faci, su kuwa da kwamfaresa, wato injin ba taya iska.

Ƙura takan gurɓata man wannan injin da wuri. Kullum kafin a tayar da shi akan duba ɗan gilashin gefensa. Ana son mai ya tsaya tsakiya. In ya yi baƙi, ko fari-fari saboda ruwa, lokacin juye ya yi. Sai a kashe injin, a saki iskar tanki, a kwance notin ƙasa tun man yana da ɗumi, ya tsiyaye. Sannan a ɗaure, a zuba man kwamfaresa, ba na mota ba. Sakaci yakan sa fistin ya cije, sana'a ta tsaya.