Shekara guda hancina a toshe, ashe ba mura ba ce

Ni ɗan kara ne, mahaifina fataucin shanu yake yi daga arewa zuwa Oko-Oba a Agege. Bara waccan muna sauke shanu daga tirela wani bijimi ya kaɗa kai ya same ni a karan hanci. Jini ya zuba, aka danna min ƙanƙara, kumburi ya sace, na ce shi ke nan. Ashe da sauran rina a kaba.

Tun daga lokacin ɓangaren hagu ba ya shan iska yadda ya kamata. Da baki nake barci, in tashi maƙogwaro a bushe, abokan kwanana suna ta ƙorafin minshari. Baba ya ce sanyin Legas ne. Na riƙa sayen maganin ɗigawa a kemis, ya ɗan buɗe na awanni ya koma. Sai daga baya na san irin wannan ɗigon ba a wuce 'yan kwanaki ana sa shi, in aka zarce shi da kansa yake toshe hanci.

Da na gaji na je wajen likitan kunne, hanci da maƙogwaro. Ya ce in ja numfashi da ƙarfi yana kallo. Sai ya miƙo min madubi, wallahi da idona na ga gefen hancin yana lotsawa ciki duk lokacin da na ja iska.

Ga yadda ya bayyana min. Kaɗan daga cikin ƙofar hanci akwai wani lungu da ya fi ko'ina ƙunci a duk hanyar iskar hanci, tsakanin bangon da ya raba ƙofofin biyu da guringuntsin gefe. Iska in ta bi matsattsen wuri da gudu tana janyo bangon zuwa ciki. Guringuntsi mai ƙwari yana tsayawa, wanda ya raunana kuwa sai ya rufta, kamar ledar fiya wata in ka zuƙe ta. Shi ya sa ƙara jan numfashi yake ƙara toshe shi. Duka ko haɗari na kawo wannan, haka tsufa, tiyatar hanci da aka taɓa yi, ko shanyewar gefen fuska, wani kuma haka aka haife shi.

Gwajin farko ko a gida za ka iya. Ka sa yatsa a kunci kusa da hanci, ka ja shi a hankali zuwa wajen kunne, ka shaƙi iska. Ana kiransa gwajin Cottle, sunan wani likitan Amurka ne. Ni da aka ja min, iska ta shiga har sai da na yi dariya. Amma fa likitan ya ce wannan bai isa hujja ba, don mai wata matsalar daban ma yana iya jin sauƙi. Saboda haka ya sa ɗan siririn tsinke ya tokare bangon daga ciki, ya ga daidai inda yake faɗawa, sannan ya leƙa da ƙaramar kyamara ko akwai tsiro ko karkacewar bangon tsakiya.

Sai awon iska. An ɗora min wani marfi da ya rufe hanci da baki, aka ce in rufe baki in ja iska da hanci iya ƙarfina, ma'aunin ya nuna lamba. Aka fesa min maganin sace kumburi, aka jira mintuna, aka sake. Hikimar ita ce, in kumburin naman ciki ne, na mura ko ƙura, lambar za ta tashi sosai bayan feshi. Tawa da ƙyar ta motsa. Da aka buɗe gefen hancin da filasta aka maimaita, sai ta haura. Nan ya tabbatar bangon ne. Akwai kuma na'urar da ke auna yawan iska da matsinta a kowace ƙofa ta zana a kwamfuta, da wata mai auna faɗin hanyar da sauti, sai dai ba kowane asibiti ke da su ba.

Magani ya danganta da tsananin abin. Akwai filastar da ake mannawa a karan hanci da dare, da ɗan robar da ake sawa ciki ya tokare. Suna taimakawa ne lokacin da suke jiki kawai. Gyara na dindindin tiyata ce, a ɗebo guringuntsi daga cikin hancin, ko kunne, ko haƙarƙari, a ƙarfafa bangon. Ni yanzu filasta nake sawa, ina tara kuɗin aikin, kuma alhamdu lillahi ina barci.

'Yan uwa na kara, mahauta da 'yan acaɓa, mu ne muka fi shan bugu a fuska. In hanci ya yi watanni a toshe babu majina, musamman ɓangare ɗaya, a ajiye ɗigon kemis a nemi likitan hanci, kuma a faɗa masa in an taɓa buguwa ko da an daɗe. Allah Ya ƙara mana lafiya.