AES da maƙwabtanta na bakin teku: me ya sa Gana ke lallaɓawa?

Ranar 29 ga Janairun 2025 ne ficewar Mali da Burkina Faso da Nijar daga CEDEAO ta tabbata, watanni bayan sun kafa tarayyar AES a Yamai ranar 6 ga Yulin 2024. Ƙasashe ne masu faɗi, don Nijar kaɗai ta ninka Togo fiye da sau 20, amma babu ɗayansu da ke da tashar jiragen ruwa. Yawancin kayansu na ratsawa ne ta ƙasashen maƙwabta na bakin teku, waɗanda har yanzu suke cikin CEDEAO.

Kowace maƙwabciya da hanyar da ta bi. Da Benin abin ya yi tsami: Nijar ta ƙi buɗe iyakar Gaya da Malanville, tana zargin Kwatano da ba wa sojojin Faransa mafaka, zargin da Benin ta musanta. Togo ce ta ci moriyar rikicin, tunda kayan Nijar da yawa sun koma tashar Lome, suna bi ta Burkina duk da nisa da haɗarin hanyar. Ministan harkokin wajenta Robert Dussey har ya nuna cewa shiga AES ba abu ne da ya gagara ba.

Gana kuwa sulhu ta zaɓa. Kyaftin Ibrahim Traoré ya halarci rantsar da John Mahama ranar 7 ga Janairun 2025, Mahama ya naɗa Larry Gbevlo-Lartey manzo na musamman zuwa AES, sannan a watan Maris ya ziyarci ƙasashen uku.

Wanda ke zaune a Tamale ya san dalili ba tare da an yi masa bayani ba. Babbar hanyar da ke kai manyan motoci daga tashar Tema zuwa Paga da Wagadugu ta cikin garin ta bi. Albasar Nijar da tumatir da shanun Burkina ta arewa suke shigowa, kuma idan aka riƙe motoci a iyaka, farashi kan tashi har a ƙananan unguwanni irin su Gbalahi. Ga kuma madatsar ruwa ta Bagre: duk lokacin da Burkina ta saki ruwanta da damina, gonakin bakin Farin Volta ke shan ambaliya, sai an sanar da Gana da wuri manoma ke iya kwashe amfaninsu.

Tsaro ne ya fi wuya. Mayaƙan JNIM na kai hare-hare a kudancin Burkina, dab da Bawku da ke fama da nata rikicin sarauta, kuma Akra ba ta iya sa ido a kan iyakar ba tare da sojojin Wagadugu sun ba ta haɗin kai ba.